Baƙar Motar Yaya da Injin Gogewa

A Gure, inda rairayi ke shigo maka har cikin kwanon tuwo ba sallama, yayana ya zauna ya yi dogon nazari, ya tashi ya sayi baƙar mota. Ba fara ba, ba ruwan ƙasa ba irin ta mutanen da suka san garin da suke zaune. Baƙa wuluk, 'yar Kwatano, wadda wani Bature ya gama cin ƙuruciyarta kafin a ɗoro ta a jirgin ruwa.

Yaya ma'aikacin ofishin kiwo ne. Rabin rayuwarsa a kan babur ya yi shi, yana bin makiyaya daga Alakos zuwa Gamu da akwatin allurar rigakafi, har gari ya daina kiran sunansa, kowa sai Likita. Ni ce autar ɗakinmu, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar bokon unguwa. A shekarar maigidana ya tafi ƙarin karatu Yamai, sai na koma gidan Yaya da zama, inda Innarmu take tare da shi da matarsa. Don haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Tun ranar da motar ta shigo gida Yaya ya samu sabuwar ibada. Da ya dawo daga masallaci da safe, sai ya ɗauko wani tsohon rawani, busasshe ƙamas, ya hau shafa mota yana zagaya hannu kamar mai lallashin jariri. Da la'asar ya sake. Ruwa kuwa ba ya bari ya taɓa ta, wai ruwan garinmu yana da kanwa.

Ana nan sai wani abokinsa na fada, inda suke shan shayi da yamma, ya zo gidan da rana tsaka. Mutumin nan bai taɓa mallakar ko keke ba, amma babu motar da bai san ciwonta ba. Ya zagaya ta hannuwansa a baya, ya tsaya gaban murfin inji, ya karkata kai, ya ce, "Likita, ai gizo-gizo ya yi maka saƙa a kan kapo." Ya sha ruwa ya yi tafiyarsa, ya bar mana gida a hargitse.

"Auta, zo ki gani," in ji Yaya.

Na zo. "Na ga mota."

"Sunkuya. Dubi inda rana take."

Na sunkuya. Gaskiya ne, a kewayen hoton rana akwai wasu siraran zane-zane, zagaye cikin zagaye, fiye da a ƙirga. Sai ka sunkuya ka ƙanƙance ido kake ganinsu, wato dai abin da babu mai hankalin da zai yi wa motar wani. Na ce masa, "Yaya, in ba a nuna wa mutum ba, ba zai gani ba."

"Ni an nuna mini," ya ce.

Daga nan ya koma makaranta a cikin wayarsa. Ana cin abinci yana kallon Turawa a garejin da ya fi ɗakin amarya tsabta, suna shafa wani inji a jikin mota suna magana ƙasa-ƙasa. A wurinsu ya gano cewa rairayin da ke kwance a kan fenti, in aka bi shi da busasshen tsumma, shi ke yin zanen. Ke nan da hannunsa ya yi aikin, safe da yamma, cikin so da ƙauna. Ya karɓi wannan labari da jarumta: ya ce laifin rawanin ne, ya jefa shi bayan ɗaki.

Injin da ya aika a sayo masa ya iso daga Damagaram a hannun wani direban tasha. Kamarsa ɗaya da wanda masu walda ke yankan ƙarfe da shi, sai dai a bakinsa soso ne mai faɗi. An haɗo da sosuna kala-kala da kwalabe biyu na man gogewa, ɗaya mai kaushi, ɗaya mai laushi. Yaya ya jera su a tabarma ya yi mana bayani, ni da Inna da matarsa, duk da babu wadda ta tambaya. Wai a kan fenti akwai wani siririn rufi mai sheƙi, shi ne ya karce. Injin zai ci kaɗan daga samansa har ya daidaita da gindin zanen.

Inna ta ce, "Wato don ka cire ƙaramin karce, za ka kankare motar gaba ɗaya."

"Ba kankarewa ba ce, Inna. Gyara ne."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Akwai dalilin gaggawa. Jikar ƙanwar Inna ta haihu a Kelle, suna ya matso, kuma wannan ne karon farko da dangi za su ga Likita ya zo a kan ƙafa huɗu. Bai yiwuwa su gan shi da saƙar gizo a kapo, mutanen da yawancinsu a amalanke za su zo.

Ya wanke motar da ruwan da ya ce yana da kanwa, ya jawo ta inuwar dogonyaro, ya ja doguwar waya daga ɗakina ta taga. Ya lafta mai a soso kamar mai shafa wa burodi, ya kunna injin a sama kafin ya ɗora. Farin mai ya watsu ko'ina. Ya samu bango, ya samu tabarau ɗinsa, ya samu Inna da ke gefe tana tsinke zogale. Ta dubi zanenta, ta dubi kwaryar zogalen, ta ce, "Wannan ma cikin gyaran yake?"

"E, Inna."

"To, yau miyarmu za ta yi sheƙi."

Kuran kuma, wato wutar lantarki, ya shiga aikin da nasa ra'ayi. Sai Yaya ya kama hannu ya fara jin daɗi, a ɗauke wuta. Ya zauna ya sa abinci a gaba, a kawo. Ya bar kwano ya ruga. Wata rana da hantsi wani makiyayi ya kira shi kan saniyar da ta ƙi tashi. Yaya ya maƙale waya a kafaɗa yana tambaya ko tana tuƙa, injin kuwa yana tsaye wuri ɗaya a gefen but ɗin bayan motar yana ta juyi. Turawan wayarsa sun yi ta gargaɗi a kan haka. Da ya ɗaga, sai ga wani tabo fari-fari kamar bakin kofin shayi, fenti ya cinye. Ya daɗe yana kallonsa. Da yamma ya fita kasuwa ya dawo da wata takarda mai mannewa da aka rubuta addu'ar tafiya a jiki, ya lika a wurin. Ya ce dama tun tuni yake son sa ta.

Amma a faɗi gaskiya, daga nan hannunsa ya faɗa. Ya koyi shafa man a jikin mota kafin ya kunna, ya koyi tafiya a hankali, layi bisa layi, yana taɓa ƙarfen da bayan hannu ko ya yi zafi. Ya bi da mai kaushi, ya canza soso ya bi da mai laushi, ya share da wani tsumma mai taushi da ya hana kowa taɓawa. Ya rame, kafaɗunsa suka yi tsami, fada ta aiko a ji ko lafiya. Jajibirin tafiya ya turo ta rana ya kira ni. Na sunkuya ba tare da an ce in sunkuya ba. Babu zane ko ɗaya. Na ga fuskata a ƙofar baya tar, har da ƙurjin da nake ta ɓoyewa da hoda. Wata maƙwabciya da ta shigo aron rariya ta tsaya a gaban motar ta gyara ɗaurin kallabi. Ranar Yaya bai rufe motar da tampol ba, kada tampol ya karce ta.

Matar Yaya tana da rago. Balami ne fari, ƙato, da take turkawa don layya, tana ba shi dusa da harawa har wuyansa ya yi ninki. Da sassafe ranar tafiya ta kwance shi don ta share turkensa, kamar yadda take yi kullum. Kullum kuma yakan wuce motar bai ko kalle ta ba. Ran nan ya zo wucewa sai ya ga wani ƙaton farin rago a jikin ƙofar motar, a cikin gidansa, yana kallonsa ido cikin ido, ba ko kunya.

Ina ɗaki ina ɗaura zane na ji ƙara kamar an yar da turmi. Na fito na tarar ragon yana ja da baya, kansa a sunkuye. Ya sake tahowa. Ƙofar baya ta loɓa ciki. Da ƙarfen ya lanƙwashe, abokin gabar ya ƙara faɗi da muni, abin da ya ƙara ba shi haushi. Yaya ya fito daga wanka da kumfa a kunne, yana riƙe da zane da hannu ɗaya yana ihu, "Ku kama shi! Ku kama shi!" Wa zai kama? Ni malamar lakwal ce, matarsa na riƙe da tsintsiya, Inna na kan sallaya. Sai da ragon ya ƙara ɗaya, sannan Inna ta sallame, ta taso ta yafa mayafinta a kan ƙofar. Nan take ragon ya tsaya, ya waiwaya, ya ga ya kori baƙo, ya nufi kwanon dusarsa.

Matar Yaya ce ta fara magana, a hankali. "Malam, ni dai na san ragon nan bai taɓa kula motar nan ba sai da ka gyara ta."

Na zaci zai fashe. Ya dubi ƙofar, ya dubi matarsa. Sai ya taka wurin ragon, ya durƙusa, ya kama ƙahonsa yana lalubawa, ya buɗe idonsa ya duba, ya shafa goshin ko akwai tsagewa. "Lafiyarsa lau," ya ce, da muryar wanda ya so a ce ba haka ba ne.

Mun tafi Kelle a haka. Ƙofar ta ƙi buɗuwa, ta ɗaya gefen muka shiga muna jan jiki. Hanya rairayi ce da ƙaya. Reshen farko da ya ja jikin motar, Yaya ya runtse ido ya ja numfashi. Zuwa tsakiyar hanya ya daina.

Da muka isa, ƙura ta mai da motar ruwan ƙasa, babu wanda ya ga sheƙi. Dangi suka taru a kan wurin da ya loɓa. Kawunmu, ƙanen Inna, wanda ke da garken tumaki a can, ya sa tafin hannu a ramin yana auna zurfinsa. Inna ta ba da labari tun daga farko, ba ta rage komai ba. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Rago ɗaya ne ya yi wannan?"

"Shi kaɗai," in ji Yaya.

"Likita, kada a yanka ragon nan. Irinsa nake nema wa tumakina."

Aka yi ta magana tsakaninsa da matar Yaya har aka shirya: rago zai koma Kelle, ita kuma za a ware mata 'ya'ya daga abin da aka haifa. Kawu ba shi da abin ɗauka, don haka bayan sati Yaya ya kai masa shi da kansa, a kujerar baya, an ɗaure ƙafafunsa. Kafin su isa ya cinye gefen rigar kujera. Layyar shekarar wani ɗan ƙaramin rago muka yanka, mai sanyin hali, wanda ba shi da ra'ayi a kan komai.