Turmi a Saman Bene

A gidan yawa na tashi, a Ƙofar Marke: sassa bakwai, zaure ɗaya, rijiya ɗaya. Da na yi aure muka zauna gidan haya a Gawon Nama, ɗakuna jere suna kallon juna, kowace mace da murhunta a bakin ƙofa. Can ko tari ka yi sai an ce maka sannu.

Sannan maigidana ya samo mana fulat a saman bene, wajen Sabon Gari. Gida shida ne a ginin, kowa da ƙofarsa ta ƙarfe, kullum a rufe. Yana fita kasuwa sai in rasa inda zan sa kaina. In share falo, in leƙa taga, in koma kicin, in sake share falon. Ina jin motsin mutane ta bango, ba na ganin kowa.

"Mi ka damunki?" ya tambaye ni. "Ga famfo, ga banɗakinki ke kaɗai."

Na ce, "Gidan ga babu ƙasa."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Wata safiya, a wata na huɗu, na jawo turmina tsakiyar kicin na zuba gero. Ba furar nake marmari ba, hannuna ne ke son aiki. Ban yi nisa ba aka ƙwanƙwasa. Wata dattijuwa ce, Bayarabiya, tana haki saboda matakala. Hausarta ta Sakkwato ce tsantsa.

"Ɗiyata, ni ce ta ƙasanku," in ji ta. "Maigidana yana kwance, shanyewar jiki. Gadonsa daidai ƙarƙashin turminki yake."

Kunya ta rufe ni. Wata huɗu ina taka saman marar lafiya ban taɓa gaishe shi ba.

"Mama, wallahi ban sani ba."

"Ina za ki sani? Ɗauko taɓaryar, mu sauka."

Mu biyu muka sauko da turmin, tana gaba ina baya, muna hutawa a kowane lungu. Ta fara kai ni na duba tsohon. Ya ɗaga hannun da ke motsi, ya nuna sama yana murmushi. Daga nan muka kafa turmin gindin darbejiyar bakin get, ina daka tana ba ni labarin shekarunta na aikin jinya.

Tun ranar nake sauka kullum da hantsi. Amma da zarar na hau na rufe ƙofa sai kaɗaicin ya dawo. Na dami maigidana har ya gaji, kafin damina ta biyu ya samo mana ciki da falo a wani gidan ƙasa mai tsakar gida. Ranar tashi Mama ba ta fito ba, tana ba tsohon kunu. Ta taga ta ce in riƙa leƙo su. Na je sau uku, sannan aka kai shi garinsu, ita ma ta bi.