Cibiya a Bakin Zane

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa da shi ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Wata shida na yi a ƙasar Ingila, a wani gari da har na baro shi harshena bai iya kama sunansa ba. Autata ce sanadi. Can take aure. Mijinta mutumin Gwarzo ne, yana koyarwa a wata babbar makaranta, shi ya sa nake ce masa Malam. Da cikinta ya tsufa, tun da ba ta da halin zuwa gida wanka, sai aka ce gidan ya je ya same ta. Gidan kuwa ni ce.

Takardun tafiya suka yi ta jan ƙafa, ban sauka ba sai da jaririya ta kwana biyu a duniya. Mace ce, aka ce sunana za a sa mata. Na karɓe ta, na tofa mata addu'a, na duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya, sannan na yi tambayar da kowace tsohuwa za ta yi.

"Auta, ina aka binne mabiyiyar?"

"Wace binnewa, Inna? A asibiti suka tafi da ita."

"Suka tafi da ita ina?"

"Oho. Ni lokacin ta kaina nake yi."

Na ƙara rungume jaririyar. A gidanmu na Kabo babu ɗan da na haifa wanda ba a wanke mabiyiyarsa an haƙa rami a bayan ɗaki an rufe ta ba. Mu haka muka taras: inda aka binne cibiyar mutum, komai nisan da ya yi, can zuciyarsa take komawa. Na san malamai sun ce ba a littafi yake ba, ban kuwa taɓa ja da su ba. Amma ga yarinya za ta tashi a bene hawa na uku, babu tsakar gida, babu ko tafin hannu ɗaya na ƙasa da za a ce nata ne.

Ran kwana shida cibiyar ta faɗi. Auta na canza mata ƙunzugu, na ga ta naɗe ɗan busasshen abin ta nufi kwandon shara. Na riƙe hannunta.

"Haba Inna, wannan ƙazantar? Me za ki yi da ita?"

"Kawo, ni zan zubar."

Ban zubar ba. Na yagi farin ƙyalle na naɗe ta, na ƙulle a bakin zanena, inda nake ƙulle goro a gida. Na ce a raina, mabiyiya ta tafi, wannan kam sai ta ga ƙasarmu. Duk zanen da zan ɗaura sai na kwance ƙullin na mayar da shi kan sabon, in na idar da salla kuma sai na shafa na ji yana nan.

Zaman can ba shi da wahala, kuma wannan ɗin ne wahalarsa. Ni da na saba a tashi tun asuba a hura wuta ƙarƙashin babbar tukunya don ruwan mai jego, sai ga shi ana murɗa famfo ruwa ya zubo yana tururi. Ganyen darbejiyar da na shanya na taho da shi ya zama gari a cikin akwati, da tawul na riƙa gasa wa Auta jiki. Kunun kanwa dai ban yi sake da shi ba, safe da yamma, tana sha tana yamutsa fuska kamar lokacin da take ƙarama. Ragon suna a Gwarzo aka yanka, mu muna kallo ta waya. Matan Hausawa huɗu ne suka zo, ɗaya ma daga wani gari mai nisa, muka ci tuwon shinkafa da miyar kukar da na zo da ita, suka yi ta suɗar hannu suna cewa sun ji ƙanshin gida. Da na ce bari in ƙara musu da turaren wuta, wani farin abu a jikin silin ya kwarma ihu, sai da maƙwabci ya buga ƙofa yana tambaya ko gobara ce. Daga ranar a bakin taga nake turara kayan jaririya, kamar mai sata.

Waya ce ke nuna mana alƙibla, ita ce ladaninmu. Da zafinsu ya shigo, rana ta ƙi faɗuwa, sai in yi ta jiran magariba har in fara gyangyaɗi. Wunina a bakin taga nake yi da takwarata a cinya, ina yi mata waƙar raino ina kallon titi. Akwai wani tsoho da ke wucewa da karensa kowace hantsi. Sai da muka yi wata biyu muna kallon juna kafin ya ɗaga mini hannu. Iyakar gaisuwarsu ke nan, ba ina kwana, ba ina gajiya, ba yaya iyali.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙanƙantar gidan. A Kabo in suruki ya zo, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya yi gaisuwa, ki amsa daga bayan labule, ya tafi. Can kuwa ɗaki biyu ne da falo da wani siririn lungu, banɗaki ɗaya. Malam mutum ne mai kunya, Allah ya yi masa albarka. In zai fito sai ya yi gyaran murya, ni kuma in ja ƙofata. A ɗaki nake cin abinci. Wata biyar muka yi a haka, tsakanina da shi babu abin da ya wuce "Inna, an tashi lafiya?" da "Lafiya lau, Malam, ya aiki?" In da saƙo, Auta ke kaiwa ta kawo.

Da kwanakina suka kusa ƙarewa, Malam ya sami hutu, ya ce ba zan koma ban ga teku ba. Suka kama hayar wani ɗan gida a bakin ruwa na kwana biyar. Su mutanen can haka suke, ba biki ba rasuwa, ba ziyarar dangi, sai kawai a ɗaure kaya a tafi wani wuri a zauna. Ni dai na yi shirin tafiya yadda na sani, na ɗauki dambun nama da garin kunu da butata. A mota na zauna daidai bayan kujerar Malam, inda idonmu ba zai haɗu ba.

Wannan hanya har yau ina ganinta in na rufe ido. Tudu bayan tudu, kore shar, da katangun duwatsu, da tumaki birjik ba makiyayi. Ni 'yar masu kiwo ce, da sanda a hannu na yi wayo. Na ce, "Auta, ina mai su?" Ta ce yana gida yana shan shayi. Na ce to, Allah ya kyauta, kiwo ya zo da sauƙi. Shanunsu kuwa ba tozo, ba ƙaho, sai ƙiba kamar an hura. Na tuna da mahaifina, na ce da ya gani da ya tsaya ya wuni a wurin.

Teku kuma ba a ba da labarinsa. Duk ruwan da na sani a duniya yana da ɗaya gaɓar. Wannan babu. Da safe ya ja da baya ya bar yashi, da yamma ya dawo kamar wanda ya yi mantuwa. Ina zama cikin rigar sanyi biyu, takwarata a goye, Auta da Malam suna tafiya a bakin ruwan suna dariya. A can ne na ga 'yata tana zaune lafiya da mijinta, na gode wa Allah.

Ranar komawa, da hantsi, muka je yi wa ruwan sallama. Na matsa in taɓa shi da hannuna ko sau ɗaya, sai wata igiyar ruwa ta taso ta jiƙa ni har gwiwa. Sanyi kamar ƙanƙara. Muka koma gidan da sauri, yarinya na tsala kuka, na tuɓe jiƙaƙƙen zanen na ɗaura wani na karɓe ta. Auta ta shanya shi a igiyar bayan gida ya tsane kafin a gama loda kaya. Aka gama, aka rufe ƙofa, muka kama hanya.

Sai da muka yi tafiyar awa biyu muka tsaya a wani gidan mai don azahar. Na sallame, na kai hannu bakin zane. Wayam.

Na ja Auta gefe. "Zanena yana kan igiya."

"Kash. To Inna, zannuwa nawa gare ki? Zan saya miki wanda ya fi shi."

"Cibiyar tana ciki."

Ta zuba mini ido. "Wace cibiya? Inna! Wata biyar kina yawo da ita? Har cikin motar mutane?"

"A gaya wa Malam ya juya."

"Wallahi ba zan iya ba. Gobe da sassafe yana da aiki, ga yarinya ta gaji. In ce masa me? Mu koma saboda busasshiyar fata?" Ta gyara goyonta, ta ce, "In kin matsu, ga ki ga shi, ki faɗa masa da bakinki."

Ta san abin da ta faɗa. Ta san ban taɓa yi masa maganar da ta wuce gaisuwa ba.

Muka shiga mota. Malam ya tayar, ya hau titi. Ina kallon ƙeyarsa. Kowace katangar dutse muka wuce sai in ji an ƙara nisanta yarinyar nan da gida. Na tuna uwata, wadda har ta koma ga Allah mijina bai taɓa ganin tana shan ruwa ba. Na ce a raina, ki yafe mini, yau zan zubar da abin da kika koya mini don in tsare wani abin da kika koya mini.

Na ce, "Malam."

Motar ta ɗan yi rawa. "Na'am, Inna?"

"Ina da magana, ka yi haƙuri da ni. Cibiyar 'yarka tana ƙulle a bakin zanena, zanen kuma na baro shi a kan igiya. So nake in kai ta gida in binne. Na san kai mai ilimi ne, wataƙila ka ga shirme ne. Amma ban iya barinta a bakin ruwan nan ba."

Ya ci gaba da tuƙi. Auta ta sunkuyar da kai. Muka yi 'yar tafiya a haka, har na fara nadamar buɗe baki. Can sai na ji ɗan abin nan na motar yana ƙyas, ƙyas, ya ratse, ya zagaya wani shatale, sai ga tumakin da suke hannun dama sun koma hagu.

Auta ta ce, "Kai ma? Da duk karatun naka?"

Ya ce, "Karatun bai ce a bar zanen Inna a igiya ba." Sannan ya ce, "Tawa cibiyar tana bayan ɗakin mahaifiyata, gindin wata bishiyar lalle. Ranar da zan fara tafiya makaranta Kano ta ja hannuna ta nuna mini wurin. Ta ce in na ga dama in je bangon duniya." Mahaifiyar tasa ta rasu tun kafin aurensu.

Mun tarar da tsohuwar da ta ba mu hayar gidan tana shara. An yi yayyafi bayan tafiyarmu, ta kwashe zanen ta ninke ta ajiye a kan kujera. Na ɗauka na laluba bakinsa. Ƙullin yana nan, ba ta kwance ba. Na ce Malam ya yi mata godiya da yarensu, ya ƙara, ya sake ƙarawa, har matar ta rasa inda za ta sa kanta.

Da zan taho gida, a filin jirgi, ya durƙusa ya yi mini sallama, ya ce yana da roƙo, in ba zan ji haushi ba a kai cibiyar kusa da tasa. Ni bayan ɗakina na yi niyya, kusa da ta uwarta, har na zaɓi wurin a zuciyata. Amma 'ya ta gidan ubanta ce, kuma shi ya juya motar. Kwana uku da saukata na shiga mota daga Kabo zuwa Gwarzo. Yayarsa ta nuna mini gindin lallen, na karɓi fartanya na haƙa da hannuna, na yi bisimilla na rufe.

Ni da Malam mun koma yadda muke, gaisuwa daga bakin ƙofa. Ban sake yi masa doguwar magana ba, bai kuma taɓa tayar da waccan ba.

Yanzu takwarata ta yi wayo, har ta fara famfara. Ba kowace shekara suke zuwa ba, wani hutun sai in ji suna wata ƙasa suna kallon duwatsu, a turo mini hoto. Amma suna zuwa. Hausarta a karkace take, tana ce mini "Inna, kai zo," yaran gida su yi ta dariya, ita ma ta taya su. Zuwansu na bara muka je Gwarzo tare. Muna shiga, ko ruwa ba ta sha ba, ta ja ni bayan ɗaki, ashe ubanta ya riga ya nuna mata. Ta dangwala yatsa a ƙasa ta ce, "Nawa a nan." Na ce, "Taki a nan, uwar iyayi." Ta tsinko ganyen lalle cike da hannu, ta ce a daka a ƙunsa mata kafin su koma.

Auta ta ce ba cibiya ke kawo ta ba, jirgi ne. Na ce na ji. Na karɓi ganyen na nufi turmi.