Kwamfutocin da Aka Kawo Mini Wanki

Shekarar da ɗiyata ta fari take ajin ƙarshe a jami'a, da wuya mu yi waya ba ta yi mini kukan ɗakin kwamfutarsu ba. Ta ce sai ka kunna ɗaya ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba, wata kuma kana tsakiyar aiki ta ɗauke da komai. A kansu za ta yi aikin kammala karatu, in kuwa ba ta miƙa a kan lokaci ba, sai ta maimaita shekara. Ran nan sai ga kiranta da murna: an kwashe tsofaffin, an ce sababbi na tafe daga waje, don haka ta jingine aikin sai sun iso. Na yi hamdala, har sadakar masa na raba.

Ba a jima ba ƙanen maigidana, mai harkar kwangila, ya tsayar da mota shaƙe da kaya a ƙofar gida. A Bagudo ba a yi wa ajiya tambaya. Garin bakin iyaka ne, ɗan'uwa ya sauke kaya, naka kawai ka ba shi wuri da ruwan sha. Aka jibge su a ɗakin da muke tara shinkafar Kaoje. Washegari ya dawo da kwalaye sababbi fil, babu komai a ciki, jikinsu duk Faransanci, daga tsallaken Benin. Ga leda, ga kananzir, ga reza.

"Matar yaya, aiki na kawo miki," in ji shi. "Ki goge min su, su yi ƙyalli kamar goshin amarya."

Na shimfiɗa tabarma na janyo ta farko, ashe tsofaffin kwamfutoci ne. Wa'iyazu billahi. Da na kife allon madannan, ɓawon gyaɗa ne ya zubo, da kashin ɓera, da ƙwan kyankyaso. A ƙarƙashinsa cingam ne ya daskare ya yi baƙi. Wata da na leƙa ta ramukan bayanta, ƙadangare ne ya bushe a ciki. Wani wari kamar na tsohon akurki ya bi mini hanci, ranar ko tuwo ban iya ci ba. Na riƙa tuna yatsun yaran mutane a kan wannan ƙazanta, su tashi su ci abinci.

Duk da haka ban ga ƙazantar gaske ba sai da na juya gefen akwatin kwamfutar. Ga sunan jami'ar an rubuta da jan fenti. Na yi sakandare, ba sai an karanta mini ba. A nan na gane amfanin rezar, na gane kwalayen. Za a kankare, a goge, a naɗe a leda, a tsallaka da su a juyo ta bakin iyaka, su koma inda suka fito da sunan sababbi.

Da ya shigo duba aiki na ce, "Kai, ɗan kwangila, waɗanga ai tsofaffin makaranta ne."

Ya bushe da dariya. "Wa ya ce miki? Tsohuwa ma in ta sha lalle sai a yi mata guɗa. Dube ki ke."

"Ba wasa nike ba. Haramun ne wanga aiki, ka ji tsoron Allah."

"To, Malama ta hau mumbari! Yaya, zo ka ji wa'azi kyauta."

Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Tsakanin mace da ƙanen miji wasa ne, tun ina amarya muke yi. Duk abin da na faɗa masa, komai zafinsa, sai ya zama ba'a, ya rama ya wuce. Ga ɗiyar fari kuma, wadda ko sunanta ba na kamawa. Ban isa in buɗe baki a gaban maza in ce ɗiyata za a cuta ba, sai a ce ba ni da kunya. Maigida na zaune bakin rijiya yana jin mu, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ajiya ce, ba ruwanmu da cikinta."

Na naɗe tabarmata, na wanke hannu da sabulu har fatar ta yi zafi. Ya kwaso matan maƙwabta suka yi masa aikin a zaure, ina jin ƙarar reza a jikin ƙarfe kamar a haƙorina. Suka yi ƙyalli kuwa, har da ɗan ƙamshin turare.

Da motar ta tashi na zauna da waya a hannu. Asirin gida ne, kuma baffanta ne, shi ya kai ta makarantar da motarsa ranar farko. Amma yarinya na can ta naɗe hannu tana jiran abin da na san ba ya zuwa. Na yi la'asar, na roƙi Allah Ya yafe mini in tonon asiri ne, na kira ta.

"Kar ki jira sababbin nan," na ce. "Ki nemi ƙawa mai tata, ko shagon da ake haya, ki fara aikinki yau."

"Inna, mi ya faru? An ce har sun iso iyaka."

"Sun iso. A ɗakin shinkafarmu suka kwana."

Can ta ce, "Baffa?"

Na ce, "Ke dai ki fara aikinki." Na ji ta ja numfashi, ta ce akwai wata 'yar ɗakinsu mai kwamfutar hannu, za ta roƙe ta su riƙa karɓa-karɓa. Sai ta ƙara da cewa, "To sauran fa, Inna? Duk ajinmu jira suke."

Na ce, "Ki gaya musu su daina jira. Ba sai kin ce daga ina kika ji ba."