Babur ɗin Kai Inna Asibiti

Ni ne ɗan fari a ɗakin mahaifiyata, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma, gida ɗaya da Inna amma kamar maƙwabta. In tana nemana sai ta ce da ƙannena, "Ku ce ma wancan ya taho." In na shiga gaishe ta, takan amsa tana kallon ƙwaryar da ke gabanta. Haka ake yi a ƙauyenmu, can cikin ƙasar Tabotaki, kuma abin bai taɓa damuna ba. Na yi lakwal, wato karatun boko, na zama malami a makarantar garinmu, ana kirana mushe kamar kowane malamin lakwal a wajenmu, na yi aure na haihu, muna nan a haka ni da ita.

Bayan rasuwar mahaifinmu da 'yan shekaru ƙafafunta suka fara kumbura. Da farko ta ɓoye. Matata ce ta lura Inna ta daina zuwa rijiya, kuma in ta yi daka kaɗan sai ta jingina da turmi tana haki. Muka kai ta asibitin Buza ranar kasuwa, a motar da ke kwasar mutane da awaki tare. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, ruwa na taruwa a jikinta. Ya ce ba ciwon da ake warkewa ba ne, amma in ana kawo ta a kai a kai ana duba ta, tana shan magani, za ta samu sauƙi.

Kawowar ita ce wahala. Mota ba ta shigo mana sai ranar kasuwa, kuma kafin a isa Inna ta yi amai ta galabaita, sai an kama ta an sauke. Na yi mata maganar 'yan kabu-kabu, masu haya da babur, ta aiko matata ta gaya mini ita ba za ta hau bayan ɗan wani ba, ta ga yadda suke gudu. A nan na fara tunanin sayen babur.

Abin da ke hannuna ba zai isa ba ko da na sayar da sa ɗaya da Baba ya bari. Sai ƙanena da ke cin rani a Abijan ya ce zai cika. Ya daɗe can yana dako a kasuwa, matarsa da 'ya'yansa suna gidanmu. Da ya aiko kuɗin ya kira ni ya ce in saya mai ƙarfi, irin na 'yan kabu-kabu, wanda zai kai Inna asibiti kuma ya ɗauki buhun albasa. Ya ce bayansa ya gaji da kaya, yana so ya dawo gida baɗi ya riƙa neman abinci da shi kusa da iyalinsa. Na ce to.

Na tafi Madawa bayan an gama girbi. Shagon yana bakin babbar hanya, ba nisa da tasha, an jera babura a waje ƙarƙashin rumfar kwano, wasu ko ledar kujerarsu ba a cire ba. Mai shagon wani dattijo ne mai farin gemu. Da ya ji iyakar ƙarfina sai ya nuna mini guda biyu, dukansu masu ƙaramin inji, kuɗinsu kusan ɗaya.

Na farko baƙi ne, dogo, tankinsa a gaba, kujerarsa mai tsawo da faɗi, ga ƙarfen ɗaura kaya a baya. Irinsa ne ke cike da tasha. Na biyu ja ne, gajere, gabansa a buɗe, mutum ba ya ɗaga ƙafa ya tsallaka kafin ya zauna. Irin wanda matan asibiti da na ofis ke hawa a cikin gari. Dattijon ya ce jan ba ya shan mai, kamar raƙumi yake, kuma tafiyarsa da laushi. Baƙin kuwa ya fi shi shan mai, ya fi shi girgiza, amma duk makanike na ƙauye ya san cikinsa, kayan gyaransa har a teburin mai sayar da batir ana samu. Ya tambaye ni aikina da inda na fito. Da na faɗa masa, bai ko tsaya tunani ba, don ya san hanyarmu duwatsu ce da kori, wato rafin yashi.

"Mutumin dutsi da kori? Ɗauki baƙin, mushe. Jan wanga na kwalta na."

Na hau kowanne na zagaya bayan tasha. Gaskiyarsa ce, baƙin ya fi zama daram a ƙarƙashina. Amma da na sauka na tsaya kusa da shi, sai na ga kujerarsa ta kai mini ƙugu. A lokacin Inna ko dokin ƙofar ɗakinta ba ta iya tsallakawa sai ta dafa bango. In wannan na saya, duk tafiya sai an ɗaga ta cak an ɗora, a ƙofar gida, gaban mutane, kuma ni ne zan ɗaga ta. Na san Inna. Za ta gwammace ta zauna da ciwonta. Jan kuwa kujerarsa kaɗan ta wuce gwiwata, in aka aje mata kujerar tsugunno za ta taka ta zauna da kanta.

Na ce da dattijon zan je in yi salla in dawo. Bayan azahar na zauna a inuwar masallaci na kira ƙanena, na kwashe duka na gaya masa. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa. Sannan ya ce a hankali:

"Yaya, kai ka ji abin da likita ya ce, ni ban ji ba. In Allah ya yi ikonshi, mi za mu yi da jan?"

Na ce masa kada ya sake yi mini irin wannan magana. Ya ce in yi haƙuri, uwarsa ce shi ma, in saya wanda na ga ya dace. Ba mugunta ce ta sa ya faɗa ba. Abin da ya faɗa shi ne abin da nake ta juyawa a raina tun safe na kasa furtawa. Ɗaya babur ɗin na 'yan watannin da suka rage wa Inna ne, ɗayan na shekarun da suka rage mana, kuma kuɗin guda ne kawai.

Na daɗe zaune a wurin. 'Yan kabu-kabu suna ta wucewa da buhuna, wani da tunkiya ɗaure a baya, duk a kan baƙin. Da la'asar ta gabato na koma shagon na ce a ba ni jan. Dattijon ya dube ni, ya ce Allah ya sa alheri, ya sa aka ɗaure madubai aka zuba mai.

A gari an yi mini dariya. Samari a bakin kasuwa suka ce mushe ya sayo moto na unguwarzoma. Inna ta fito ta tsaya daga nesa ta dube shi, ta ce da matata, "Ce mishi Allah shi tsare."

Ranar tafiyarmu ta farko muka fita da sassafe. Ta taka kujerar ta zauna a karkace, ƙafafunta gefe guda, ta kama ƙarfen da ke ƙarƙashin mazauni da hannu biyu, ta bar tazara tsakanina da ita. A kan fako lafiya lau muka yi tafiya. Da muka zo gangaren dutse, ƙafar baya ta daki wani dutse, na ji nauyinta ya zame gefe. Na taka birki na tsaya. Na ce, ba tare da na waiwaya ba, "Inna, sai kin riƙe ni." Ban taɓa yi mata magana kai tsaye haka ba. Can sai na ji ta kama gefen rigata da yatsu biyu, kamar mai ɗaukar abu mai zafi. Haka muka isa Buza.

Duk ranin nan muna kan hanyar. Daga gefen riga ta koma dafa kafaɗata. In rana ta yi zafi kuma ta gaji, har goshinta takan jingina a bayana, ina jin numfashinta yana fita da ƙyar. Kuma ta fara magana. Ina jin don ba ma kallon juna ne. Takan nuna mini gonar da ta yi wa noma tana budurwa, da inda rijiyar da ta rufta take, da garin da aka so kai ta aure kafin Baba. Wata rana, muna dawowa, ta ce shekarar da aka haife ni an yi yunwa, nononta bai isa ba, da kunun dussa aka taimaka. Ta ce da kakata ta ɗauke ni, in na yi kuka takan zo bayan ɗakin ta tsaya har in yi shiru, sannan ta koma. Na rage gudu. Da muka isa gida ta sauka ta shige ɗakinta ba ta dube ni ba, kamar kullum.

Maganin ya karɓe ta a wancan ranin. Kumburin ya ragu, har ta koma tsinke yakuwa a tsakar gida. Mai ya yi tsada sosai a shekarar, masu manyan babura suna kuka, ni kuwa kwalba ɗaya na kai mu ta dawo da mu. Na riƙa gaya wa ƙanena haka a waya, shi kuma yana cewa madalla.

Sai damina ta faɗi. Tsakaninmu da Buza akwai kori, rafin yashi ne da rani, amma in an yi ruwa a kan duwatsu sai ya cika ya yi ta gudu. Cikin tsakiyar damina jikin Inna ya tashi. Ta kwana zaune don ba ta iya numfashi a kwance, leɓunanta sun canza launi. Gari na wayewa na ɗauke ta. An yi ruwa kafin asuba, da muka iso korin yana gudu, ruwan ja wur. Na sauke ta a gindin wata aduwa, na shiga da ƙafa na gwada, ya kai mini gwiwa. Na ce bari in fara ƙetarar da babur ɗin in dawo in goya ta. Ban kai tsakiya ba ruwa ya shiga inji ya mutu. Da ƙyar na jawo shi baya. Na cire buji, wato fulogi, na goge, na yi ta bugawa, ko tari bai yi ba.

Ina cikin haka wani ɗan kabu-kabu ya iso a kan baƙin babur, irin wanda na bari a Madawa, da mutum biyu a bayansa. Suka ɗaga ƙafafu, ya shiga ruwan ya fita ta can, inji na ta ƙara. Na yi masa kira, ya ɗaga hannu yana nuna zai dawo. Bai dawo ba, ko kuma ruwan ne ya hana shi, don ba a jima ba korin ya ƙaru har ya kai ƙugu.

Muka wuni a gindin aduwar. Na cire rigata na shimfiɗa mata, ta jingina da itacen. Ta ga ina ta kallon babur ɗin, sai ta ce, "Bar shi, ya yi nashi." Bayan la'asar ruwa ya ja, wani mai amalanken shanu ya ɗauke mu ya ƙetarar da mu, daga can muka samu mota. Ana kiran magariba muka shiga asibiti.

Ta yi 'yan kwanaki a kwance, suka yi iya ƙoƙarinsu, ta rasu ranar wata Juma'a da hantsi. Na tambayi likita ko da mun iso da safe da ta tashi. Ya ce zuciyar ta riga ta ƙare, wuni ɗaya ba zai canza abu mai yawa ba. Wataƙila gaskiya ya faɗa, wataƙila kuma ya ga fuskata ne. Ban sake tambayar kowa ba.

Ƙanena ya iso bayan an yi addu'ar bakwai. Ya rame, yana tafiya a ɗan sunkuye. Ya ga babur ɗin jingine a zaure, an gyara shi, ya shafa kujerar ya wuce. Bai taɓa ce mini ga abin da na faɗa maka ba. Bayan girbi ya ce zai gwada kabu-kabu da shi. Yakan tafi bakin kasuwa ya tsaya cikin 'yan uwansa masu babura, amma mai buhu ba ya kallonsa, mai sauri ma haka, sai tsofaffi da mata masu goyo, su kuma ba kullum suke tafiya ba. Ranar da ya ɗora buhun gero biyu, ƙarfen baya ya karye a gangaren dutse.

Na ce mu sayar mu cika mu sayi baƙin. Muka kai jan Madawa, aka taya shi da abin da ko rabin kuɗinsa bai kai ba, baƙin kuma ya ƙara kuɗi. Ba sauran sa a gida, gonar ma ba ta yi kirki ba a shekarar. Muka dawo da shi gida.

Da sanyi ya shigo ya ce zai sake fita, amma ba Abijan ba, arewa zai yi, an ce ana samun aikin gini a can. Na ce ya bari mu ga baɗi. Ya ce yara ba za su ci baɗi ba. Ni na kai shi tashar Madawa, jakarsa a gabana tsakanin ƙafafuna. Kafin ya shiga mota ya ce in kula masa da yaran, babban a sa shi lakwal kada a bar shi kiwo. Na ce in sha Allahu.

Yaron yana ajina yanzu. Uban yakan kira in ya samu waya, wani lokaci a yi wata biyu ba mu ji shi ba. Damina uku ke nan ana shuka gonarsa ba ya nan.