Kwamfutar da Ke Amsa Gaisuwar Baban Riruwai

Mu huɗu ne a yankinmu da muke da lasisin rediyon sha'awa a farkon shekarun casa'in, irin wanda mutum ke kafa eriya a gidansa yana magana da abokansa ta iska. Ni ina aikin ruwa a Tiga. Akwai malamin makaranta a Tudun Wada, da malamin dabbobi a Kiru. Na huɗu tsohon ma'aikacin lantarki ne na kamfanin haƙar kuza, muna ce masa Baban Riruwai. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Kano, shi kuwa ya gina ɗan ɗaki a kan dutse a bayan garin Riruwai, inda eriyarsa ta fi ta kowa tsawo. Yawancin saƙonmu ta wurinsa yake bi.

Da muka fara haɗa rediyo da kwamfuta don aika saƙo a rubuce, kowa ya rubuta manhajarsa yadda ya ga dama. Tawa ba ta gane ta Kiru, ta Kiru ba ta gane ta Tudun Wada. Sai muka haɗu a gidan malamin makaranta bayan azahar, muka zauna a tabarma don mu fitar da ƙa'ida ɗaya: inda sunan tasha zai zauna, inda za a sa lokaci, iyakar tsawon saƙo. Duk wannan bai kawo gardama ba. Gaisuwa ce ta kawo.

Kullum da hantsi Baba yakan hau iska da murya ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, ya shanun Kiru. Idan ya fara, babu saƙon da zai wuce sai ya gama. Ni kuwa a lokacin ba ni da haƙuri ko na anini, kuma ina ganin na fi kowa ilimi. Na ce a sa a ƙa'ida: kowace kwamfuta ta riƙa aika layi ɗaya da kanta duk sa'a, sunan tasha da "lafiya lau". An huta da surutu.

Baba ya dube ni. Ya yi tari, irin wanda ya zauna masa a ƙirji tun zamanin ramin kuza.

"Ɗana, in ta ce lafiya lau, wa ta tambaya?"

"Baba, ai wuta kawai take nufi. Tasha tana aiki."

"To a rubuta tasha tana aiki mana."

Na yi dariya, na ce duk ɗaya ne. Sauran biyun suka bi bayana, don ni zan rubuta manhajar. Da hannuna na hau dutsen na sa masa ita. Batirin mota ne ke ba kwamfutarsa wuta, da farantin hasken rana a kan rufi, ba ta buƙatar kowa.

Ya ci gaba da gaisuwar hantsi na ɗan lokaci. Mukan amsa a gurguje, wani lokacin ma ba ma amsawa. A hankali ya rage, har ya koma sai ranar Juma'a.

Cikin damina wata Juma'a ta zo, bai hau ba. Malamin dabbobi ya rubuto mini, ko na ji Baba? Na duba allon kwamfuta. Riruwai, lafiya lau. Na amsa masa cewa tsohon ya yi fushi ne, zai huce. Asabar na sake dubawa, layin yana zuwa kan sa'a, ba ya makara. Baba mutum ne da ba ya ganin hadari a kan duwatsu bai sanar da mu ba, ga shi an yi ruwa biyu, shiru. Amma duk lokacin da na tashi zan ɗauki babur sai layin ya sake fitowa, in koma in zauna.

Ranar Litinin na kasa daurewa. Na bi hanyar Doguwa cikin taɓo. A gindin dutsen na tarar da wata Bafulatana mai kawo masa nono tana faɗa wa mutane cewa ƙwaryar da ta ajiye tun Juma'a tana nan a bakin ƙofa. 'Yan gari sun ɗauka ya tafi Kano.

Muka ɓalle ƙofar. Yana kwance a ƙasa, ɓarin jikinsa ya shanye, leɓɓansa sun bushe, abin maganar rediyon yana lilo a saman kansa inda hannunsa bai kai ba. Idonsa a buɗe, ya gane ni.

Na durƙusa. "Baba, sannu. Baba, ya jiki?"

Bakinsa ya motsa, babu abin da ya fito. A daidai nan rediyon ya yi ƙas, jar fitilarsa ta kama, kwamfutar ta aika layinta. Na fizge wayar daga batirin.

Bai sake magana ba har ya rasu bayan kaka. Da na koma Tiga bayan mun kai shi asibiti, na tarar da saƙo daga Tudun Wada. An aiko shi sa'a ɗaya bayan na cire wayar: "Riruwai ta ɗauke. Wani ya je ya duba Baba, ko lafiya?"