Kawu Lawal da Injinsa Mai Tsatsa

Duk wanda ya san Kawu Lawal ya san ba ya fitowa tsakar gida sai da babbar riga da hula, ko da shara zai zubar. Ya daɗe yana darakta a ma'aikata. Shi ya yi ritaya, rigar kuwa ta ƙi. Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na Kubwa na tashi, ni nake tuƙa shi tun da idonsa ya yi rauni, don haka ba labari aka ba ni ba.

Ciwon gwiwa ya hana matarsa Hajiya Binta sujada, ta koma sallah a kan farar kujerar roba. Kujerar nan ta tsaya wa Kawu a rai. "Matata za ta gana da Ubangijinta a kan kujerar 'yan biki? Ni zan yi mata ta katako, da hannuna." Mutumin da ko ƙusa bai taɓa bugawa ba fa.

Ya sa na kai shi wajen 'yan gwangwan a Dei-Dei, ya zaƙulo wani tsohon inji mai juya katako ana sassaƙa shi, irin na yin ƙafafun kujera. Tsatsa ta gama cinye shi. Mai kayan ma tausayi ya ji.

"Oga, wannan ya mutu fa. A kilo muke sayarwa."

Kawu ya ce, "Ni ma haka suka ce a kaina a ofis. Ɗora min a mota."

Maganin tsatsa na kanti kuwa, wai almubazzaranci ne. Ya kwashe tsamiyar da Hajiya ta tanada don kunun azumi, ya jiƙa notocin injin a babbar tukunyarta. Ta fito tana salati. "Alhaji, da me za a sha ruwa?" Ya ce, "Ana duba lamarin." Amsarsa ke nan ga komai tun yana aiki. Abin haushi, tsamiyar ta ci tsatsar tas, muka shekara muna shan gori.

Ranar da injin zai fara juyawa ya tara mu kamar za a buɗe sabon titi. Na ce, "Kawu, don Allah cire rigar nan." Ya harare ni. "Zainabu, ni ba yaron shago ba ne." Ya kunna, ya miƙa cizal, ƙarfen sassaƙa, injin ya cafke hannun rigar ya hau naɗewa. Allah ya taimaka aka ɗauke wuta. Ya tsaya daga shi sai 'yar ciki, ya dubi shaddarsa, ya ce, "To, ƙarfi dai akwai." Washegari ya fito da wata babbar rigar, ya ɗaure hannuwanta da igiyar shanya.

Ƙafar farko ta fito kamar rogo, ta biyu ta tsage, ya sake daga farko. Muna ta dariya, amma a lokacin ciwo ya riga ya kama shi. Rigunan suka fara yi masa yawa. Sai ya sassaƙa kaɗan, ya kashe injin, ya dafa shi yana haki. Tsoro ya kama ni, na ce mu kai wa kafinta a Kugbo ya ƙarasa. Na zaci zai yi faɗa. A hankali ya ce, "Tun tana yarinya Hajiya take min hidima, ban taɓa yi mata komai da kaina ba. Sa hannu a takarda kawai na iya. Bar ni in gama."

Ƙafa uku ya gama, ba wadda ta yi tsawon 'yar'uwarta. Ta huɗun tana kan injin aka kwantar da shi a asibiti, bai dawo ba.

Bayan arba'in na kira kafintan. Ya ce zai yi ta huɗu, ya daidaita sauran. Hajiya ta ce, "Kada a sa musu zarto. A haɗa ukun yadda ya bar su." Aka haɗa. Kujerar ta karkace hagu, sai an jingina ta da bango take zama.

A kanta take salloli biyar. Jiya na tarar ta idar, na ce, "Hajiya, bayanki zai yi ciwo."

"Yana yi," ta ce. "Ai shi ma da ciwon ya yi min ita."

Na fita na yi kukana.

Allah ya jiƙan Kawu Lawal, ya yafe masa, ya ba Hajiya haƙurin rashinsa. Addu'ar da take yi masa a kan kujerar nan, Allah ka karɓa.