Shanu Biyun Baffa Jaɓɓi

"Wanga na biyar ɗin, mi yake yi?" in ji Baffa Jaɓɓi, mai gadin ofishinmu a Isa, yana leƙa babbar kwamfutar da nake haɗawa.

Shekarar fari ce, kuma sunayen gidajen da za a raba wa hatsi duk a cikinta za su zauna.

Na yi mishi bayani. Faifan ajiya huɗu na haɗa su RAID, wato bayanan sun rarrabu a tsakaninsu, ko ɗaya ya mutu ba a rasa komai ba. Na biyar safaya ne, yana zaune yana jira. Da wani ya lalace, na'urar za ta jawo shi ya maye gurbinsa.

Gaskiya har da ɗan alfahari na faɗa.

Sai ya ce, "Ɗana, duk akwati guda suke? Zafi guda, wuta guda?"

Na ce e, Baffa.

"To. Ni ma haka na tara shanuna wuri guda, har rijiyarmu ta ƙafe. Biyun da na kai wa ƙanena a Unguwar Lalle, su kaɗai suka rayu. Sauran kam, ga ni ina gadi."

Ya koma bencinsa.

Ranar na kwafe sunayen a wani faifai daban, na hau mashin na kai shi ajiya Sabon Birni.

Abokan sana'a, ku gaya mini, ina kuka kai naku biyun?